DAGA CHAZA ZUWA KAINJI: WA KE CIN WA A CIKIN TAFKI?

Daga Wakilinmu

Chaza unguwa ce daga cikin unguwannin Suleja ta Jihar Neja, kuma duk wanda ya san garin ya san ba ƙasar masunta ba ce. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu, ga Dutsen Zuma can a tsaye wajen Madalla, ruwan da ake da shi kuwa bai wuce kogin Iku da 'yan rafuffukan da kan cika su batse da damina, su janye da rani ba. Zage-zagin da suka baro Zariya zamanin jihadi, har Sarki Abu Ja ya kafa garin a 1828, mafaka suka zo nema cikin duwatsu. Garin ya riƙe sunan Abuja har lokacin da aka ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, aka ba sabon birni sunan, tsohon kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarkin wancan lokaci, Sulaimanu Barau.

Amma duk da rashin babban kogi, da wuya rana ta faɗi a Chaza ba a sa kifi a tukunya ba, musamman yanzu da nama ya fi ƙarfin aljihun talaka. Kifin da ake ci a nan iri uku ne. Akwai kifin ƙanƙara, wanda jiragen ruwa ke kawowa Ikko daga tekunan wasu ƙasashe. Akwai tarwaɗar kiwo, wadda ake reno a kududdufan siminti da na tamfol a bayan gidaje. Sa'an nan akwai banda, watau ƙyafaffen kifi, wanda akan kawo cikin kwali daga Baga, ko daga Yawuri da sauran garuruwan bakin Tafkin Kainji.

Mata masu sayar da banda a Chaza da kasuwar Suleja bakinsu ɗaya a kan abu guda: kifin Kainji yana ta ƙara tsada, yana kuma ta ƙara ƙanƙancewa. Gunduwar giwan ruwa wadda a da kan cika faranti ta zama sai an yi sa'a, abin da ya fi yawa a kwali yanzu shi ne 'yan karfasa da ƙurungu waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Tsada dai kowa ya san dalilinta, ga kuɗin mai ga kuɗin mota. Ƙanƙancewar kifi kuwa ba a kasuwa amsarta take ba, tana can ƙarƙashin ruwa. Wannan ne ya sa na ɗauki hanya, tun da masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

HANYAR KAINJI

Daga Suleja zuwa Kainji tafiya ce ta kimanin kilomita 400, duk kuwa a cikin Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha a ƙasar nan faɗin ƙasa. Matafiyi zai bi ta Lambata, ya wuce mararrabar da ke kai mutum inda kogin Gurara ke zubowa daga kan duwatsu, ya isa Minna. Daga nan sai Bida, a haye kogin Kaduna a gadar Wuya, a wuce Kutigi, a faɗa Mokwa, garin da ambaliyar watan Mayu na 2025 ta halaka mutane fiye da 150 a cikinsa, Allah ya jiƙansu. A Mokwa ake barin babbar hanyar Ikko, a yi arewa maso yamma ta gefen dajin Zugurma. Direbobi sukan ba baƙo shawara kada ya yarda dare ya riske shi a wannan yanki, domin 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan da ke kewaye da tafkin.

Da an ƙetare Kwara a Kainji sai Sabuwar Bussa, hedkwatar masarautar Borgu, wadda aka ciro daga Jihar Kwara aka haɗa da Neja a 1991. Gari ne da madatsar ruwa ta haifa. An fara ginin madatsar a 1964, aka datse kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969, domin ta ba ƙasa wutar lantarki. Ruwan da ya taru a bayanta ya shanye tsohuwar Bussa, inda Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma tashi mutane fiye da dubu 40 daga garuruwansu da gonakinsu, aka gina musu sababbin matsugunai.

Wanda ya taso cikin duwatsun Suleja, in ya tsaya bakin wannan tafki, sai ya yi shiru. Tsawonsa kimanin kilomita 136 ne, tun daga madatsar har zuwa Yawuri ta Jihar Kebbi. Inda ya fi faɗi ya kai kilomita 24, ba a hango gaɓar ƙetare, kusa da madatsar kuwa zurfinsa ya kai mita 60. Gaba ɗaya ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,270 ko kusa da haka. A gaɓoɓinsa akwai Sarkawa, masuntan asali daga ƙasar Kabi, da Gungawa, da Lopawa, da Bussawa, da Kambari, da Nufawa, har da masunta daga kudancin ƙasar nan, kowa da irin kayan sunsa.

TSANIN ABINCI

A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya. Ta samo asali ne daga wani aikin bincike da aka soma a 1968 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zama cibiyar binciken Tafkin Kainji a 1975, kana aka faɗaɗa aikinta a 1987. Abin da masanan wannan cibiya suka shafe shekaru suna aunawa, tsofaffin masunta ma sun san shi ta hanyar farka cikin kifi su ga abin da ya ci. An ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Bayanin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya: rayuwar tafki kamar tsani take, kowane mataki a kan na ƙasa da shi yake tsaye.

Matakin farko ruwa ne da hasken rana. Kainji kan sami cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda daminar ƙasashen da ke kusa ke kawowa wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana yawo cikin fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ba ya isowa sai tsakiyar hunturu. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai kimanin mita 10. In ruwa ya janye, ciyawar burugu ta fito a fadama, Fulani su kawo shanu su ci su zubar da taki. In ya dawo ya rufe wurin, takin nan da ruɓaɓɓiyar ciyawa su ne ke ciyar da gansakuka da wasu ƙwayoyin tsiro ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, masu yawo a saman ruwa.

Mataki na biyu shi ne 'yan mitsi-mitsin halittu masu cin waɗannan ƙwayoyin tsiro, da tsutsotsin ƙwari da ke cikin laka, da ƙananan jatan lande. A nan kuma akwai kifayen da za a iya kira makiyaya. Karfasa tana kiwon gansakuka a bakin gaɓa. Faliya tana tsotsar lakar ƙasa ta tace abin da ke ciki. Bargi yana tace laka da 'ya'yan ciyawa, ya kuma gina sheƙarsa cikin burugu in ruwa ya cika. Wani irin ƙurungu ma a rigingine yake iyo, yana tace abincinsa daga fuskar ruwa.

Mataki na uku shi ne wanda baƙo ba zai kula da shi ba, alhali kuwa shi ne ginshiƙin tafkin. Wani ɗan kifi ne fari fat mai sheƙi, wanda masuntan Kainji ke kira warangi. Iri biyu ne, babbansu bai wuce tsawon yatsa ba. Garke-garke yake tafiya a tsakiyar tafki, da rana ya nutsa, da dare ya taso sama yana cin mitsi-mitsin halittun nan. Ba ya daɗewa a duniya, amma yana da saurin haihuwa. Aikinsa shi ne ya mai da abin da ido ba ya gani ya zama tsoka, wadda manyan kifaye za su iya kamawa.

A ƙololuwar tsanin kuwa mafarauta ne, kowa da fagensa da lokacinsa. Tsage, mai haƙora kamar zarto, da ido yake farauta a sararin ruwa, warangi ne kuma babban abincinsa. Ragon ruwa a ƙasa yake kwanciya, ya fito da dare yana lalube da gashin bakinsa. Yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, cikin ciyawa yake laɓewa, yana gane abin farautarsa da wata 'yar wutar lantarki da Allah ya sa a jikinsa. Tarwaɗa ba ta da zaɓe, abin da ta samu shi ne nata. Sarkinsu duka shi ne giwan ruwa, wanda kan haura kilo 100, shi ne kuma abin alfaharin masunta a bikin Argungu. Amma shi ma da ƙwari da jatan lande yake fara rayuwa, in ya tasa ya koma kan warangi, in ya ƙasaita ya koma kan karfasa da kawara, har da ƙannensa ba ya bari.

Masana sun ƙiyasta cewa a kowane mataki kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ci ne kawai ke zama tsoka. Ashe ke nan giwan ruwa mai kilo 50 ya lanƙwame wajen kilo 500 na ƙananan kifaye kafin ya kai haka, su kuma sun ci ninkin wannan sau goma na mitsi-mitsin halittu. Mai karatu zai ga dalilin da ya sa babban kifi ba ya da yawa a kowane ruwa, da kuma dalilin da ya sa shi ne farkon ɓacewa in aka taɓa na ƙasa da shi.

DA KOGI YA ZAMA TAFKI

Datse Kwara ya sake rabon arziki a tsakanin kifaye. Miligi da danginsa, masu neman tsutsa cikin duwatsun da ruwa ke gudu a kansu, sun ragu ƙwarai, domin gidajensu sun nutse cikin zurfi. Da bazara ma, wajen Fabrairu zuwa Mayu, ruwan sama-sama kan yi ɗumi ya ƙi gauraya da na ƙasa, har iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a can ƙasan. Faliya kuwa kakarta ce ta yanke saƙa, domin dazuzzuka da gonakin da ruwa ya rufe sun ruɓe sun zama abinci. Warangi, wanda ba a damu da shi ba zamanin kogi, ya sami fili ya bazu, tsage ya bi shi, daga baya karfasa ta cika bakin gaɓa.

Labarin wannan arziki ya jawo masunta daga ko'ina. A 1971 kifin da aka kama a tafkin ya kai kimanin tan dubu 28. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan dubu 5, domin takin farko ya ƙare, taruna kuma sun yi yawa. Daga baya lissafi ya sake hawa, har ya kai wajen tan dubu 38 a 1996, amma fa kashi mai yawa na wannan adadi warangi ne, wanda aka kamo da wata irin koma da ake kira dala.

Dala doguwar koma ce wadda ake zagaya ruwa da ita cikin jirgi, sa'an nan ƙarti su tsaya a gaɓa su jawo ta. Idonta bai fi na gidan sauro ba. Warangi ake nema da ita, a shanya shi a rana, a ɗura a buhu, a sayar wa masu miya da masu haɗa abincin kaji da na kifin kiwo. Illarta ita ce a bakin gaɓa ake jan ta, watau daidai ɗakin renon tafkin. Na duba abin da aka shanya a wani sansanin masunta, na ga a cikin warangin akwai 'ya'yan karfasa, da na faliya, da na giwan ruwa kansa, waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Ɓarnar ta zama biyu ke nan: an kwashe abincin babban kifi, an kuma kwashe 'ya'yansa.

A 1993 aka soma wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don gyara sha'anin su a tafkin. Aka ƙidaya masunta da jiragensu, aka fito da lasisi, jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin da suka hana taru mai ido ƙasa da inci 3, da sa guba a ruwa. Da goyon bayan sarakunan Borgu da Yawuri da Kontagora, da sarakunan ruwa na ƙauyuka, aka haramta dala a 1999. Lissafin 2001 ya nuna kimanin tan dubu 13, wani ɓangare na wannan raguwa kuwa hanin ne da kansa ya kawo shi, tun da warangin dala ya fita daga lissafi. Amma da aikin ya ƙare, sa ido ya yi sanyi, masunta da kansu suna faɗa cewa dala ta dawo. Wani dattijo daga cikin Sarkawa ya shaida mini cewa ba wanda bai san illarta ba, sai dai in kai ka bari maƙwabcinka ba zai bari ba, ga kuma iyali suna jiran abin sawa a baka.

DARASI DAGA MANYAN TAFKUNAN AMURKA

Domin a gane inda irin wannan hanya ke kai mutane, yana da kyau a leƙa wata ƙasa inda aka rubuta kome dalla-dalla. A kan iyakar Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar, watau Sufiriya, Mishigan, Huron, Iri da Ontariyo, waɗanda ke riƙe da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke bisa doron ƙasa. Sufiriya kaɗai ya ninka Kainji fiye da sau 60. Ruwansu mai sanyi ne ƙwarai, saboda haka mafarautan cikinsu su ne dangin kifin samon da na turawut, waɗanda ba za su rayu a ruwa mai ɗumi irin namu ba.

Tun asali turawut na tafki shi ne giwan ruwan can. Sai mutane suka haƙa mashigin jiragen ruwa na Welan, wanda ya kewaye gangaren Nayagara, baƙi biyu suka bi ta nan suka shigo tafkunan da ke sama. Na farko wani kifi ne mai kama da maciji, mai baki irin na matsattsaku, wanda kan manne a jikin babban kifi ya tsotse jininsa. Guda ɗaya kan kashe kifi mai nauyin kilo 18 a rayuwarsa. Shi da yawan su suka taru suka karya turawut, kafin ƙarshen shekarun 1950 ya kusa ƙarewa a Mishigan da Huron. Baƙo na biyu ɗan ƙaramin kifi ne mai suna elwayif, ɗan'uwan warangi ne ma a dangi. Da ya tarar ba mai cinsa sai ya cika tafkunan, har a 1967 matattunsa suka rufe gaɓar birnin Shikago, aka riƙa kwashe su da motocin tura ƙasa.

Ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955, aka samo maganin da ke kashe 'ya'yan mai tsotson jinin nan a rafuffuka. Game da elwayif kuwa, shugaban sashen kifi na Jihar Mishigan, Howard Tanner, ya kawo shawarar a ɗauko masa mafarauci daga tekun Pasifik. Aka zuba samon irin koho a 1966, aka bi da irin shinuk a 1967. Dabarar ta ci, elwayif ya ragu, kamun samon da ƙugiya ya zama babbar sana'a mai kawo kuɗi ga garuruwan bakin ruwa.

To, a nan ne abin lura yake. Mafarautan nan sun raba tafki tsakaninsu kamar yadda namu suka yi. Shinuk a sararin ruwa yake, kusan ba ya cin kome sai elwayif, kamar dai tsage da warangi. Turawut na tafki yana can cikin zurfi, yana cin duk ƙaramin kifin da ya samu, na ƙasa da na sama. Turawut mai launin bakan gizo yakan haɗa da ƙwarin da ke faɗowa bisa ruwa, mai launin ƙasa-ƙasa kuwa ya fi zama kusa da gaɓa. Muddin elwayif na da yawa, kowa na ƙoshi, ba a gane wanda ya fi wani dabara.

A 1988 aka ga wata 'yar ƙumba mai zane-zane a yankin, wadda ta zo daga Turai cikin ruwan da jiragen kaya ke ɗauka don daidaita nauyi, wata 'yar'uwarta kuma ta biyo baya a 1989. Suka shimfiɗu a ƙasan tafkuna suna tace ƙwayoyin tsiron nan da kome ke tsaye a kansu. Ruwa ya yi garau gwanin kyau, amma garau ɗin yunwa ne. Elwayif ya shiga tsaka mai wuya, ta ƙasa ba abinci, ta sama ga shinuk ya yi yawa, domin ban da wanda hukuma ke zubawa, ya koyi haihuwa da kansa a kogunan Kanada. A 2003 zuwa 2004 elwayif ya rushe a Tafkin Huron, shinuk ya rame ya bi shi, garuruwan da ke ci da baƙi masu kamunsa suka shiga wani hali.

Turawut na tafki kuwa, da yake bai dogara ga abinci ɗaya ba, ya koma kan wani ƙaramin kifin ƙasa, ya ma fi samun lafiya. Dalili kuwa shi ne elwayif yana cin 'ya'yansa, akwai kuma wani sinadari a jikin elwayif mai lalata bitamin B1 a jikin uwar da ta ci shi, har 'ya'yanta su mutu suna ƙanana. Da ganin abin da ya sami Huron, hukumomin da ke kewaye da Tafkin Mishigan suka rage yawan shinuk da suke zubawa da kimanin rabi a 2013. Yanzu kowace shekara sai sun auna yawan ƙaramin kifi kafin su yanke shawara a kan babba.

A nan Afirka ma an ga irin haka ta wata fuska. Giwan ruwan nan namu, da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 da farkon 1960, ya tarar da ƙananan dangin karfasa iri wajen 500 waɗanda ba su san shi ba. Da ya bunƙasa a shekarun 1980, an ƙiyasta iri wajen 200 sun ɓace. A Kainji kuwa, inda shi da abincinsa suka taso tare tun zamanin kogi, bai ƙarar da kowa ba. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai sha'awar ɗauko baƙon kifi ya zuba a madatsun ruwanmu ba da shawarar masana ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Abin da ya sami Huron daga 'yar ƙumba da yawan shinuk, shi ne muke yi wa Kainji da hannunmu. Su can baƙi ne suka cinye tsanin daga ƙasa, mu nan dala ce, da taru mai ƙaramin ido, da shingen dumba da akan tare mashigin kifi da shi, da gubar da wasu marasa tsoron Allah ke zubawa a ruwa. Bambancin kawai shi ne, abin da mutumin Mishigan ya rasa nishaɗi ne da ciniki, abin da za mu rasa kuwa miyar yara ce.

Mutumin Suleja ma yana da hannu a ciki ko bai sani ba. Tarwaɗar da ake kiwo a Chaza, da wadda ake kiwo a ɗaruruwan kududdufai a ƙauyen Monai kusa da Sabuwar Bussa, da garin kifi ake haɗa abincinta, wani ɓangare na garin nan kuwa daga irin su warangi yake fitowa. Mai sayen 'yan mitsi-mitsin karfasa don sun fi araha, shi ma yana ƙarfafa wa mai kamo su gwiwa. Manomi kome yunwarsa ba ya cinye iri, amma a ruwa mun mai da cin iri sana'a.

Ba a ce a daina kamun warangi ba. Kifi ne mai saurin haihuwa, abinci ne mai gina jiki, ana kuma iya kama shi da atalla, komar nan da ake tsomawa a ɗaga, ko a can tsakiyar ruwa nesa da inda manyan kifaye ke reno. Abin da ake bukata shi ne awo. Ya kamata gwamnatocin Neja da Kebbi su farfaɗo da ƙidayar kifin da ake kamawa, su ba cibiyar Sabuwar Bussa abin aiki, domin wanda bai san abin da ke rumbunsa ba bai san ranar da zai kwana da yunwa ba. Ya kamata a mayar wa sarakunan ruwa ƙarfinsu, tun da an ga a 1999 cewa maganarsu ta fi ta ɗan sanda shiga kunnen masunci. A keɓe wasu fadamun burugu a hana su a cikinsu lokacin da kifi ke haihuwa. Wanda aka karɓe wa dala kuma a ba shi rancen da zai sayi halattaccen taru, domin doka ba ta zama a kan cikin da ba kome.

Maganar ba ta tsaya ga Kainji kaɗai ba. Jihar Neja tana da tafkin Jebba na 1985, da na Shiroro na 1990, ga kuma sabon na Zungeru, wanda yanzu yake cikin shekarunsa na farko, lokacin da kifi kan yi yawa har mutane su ɗauka ba zai ƙare ba. Haka aka ɗauka a Kainji a 1971. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun da sauran iri a ruwa, ya kuma sa wa masuntanmu albarka a sana'arsu, amin.